Ranar da Kwamfuta Ta Fara Ji

Duk wanda ya san masu harkar shinkafa a Tudun Wadan Dankadai ya san cewa, cikin dillalan da Allah Ya hore wa maƙogwaro, babu wanda ake jiyowa daga nesa kamata, har ma'abota zolaya sukan ce in na yi sallama a kasuwa, masunta ne ke amsawa daga Tiga. Saboda wannan baiwa ce ɗan ƙanena, wanda yake da ɗakin da yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallon PES 2021 a kwamfuta, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baffa, so nake in naɗi wasan Arsenal da Barcelona in ɗora a YouTube, kai kuma ka yi mana sharhi irin na gidan rediyo." Na ɗan ja aji gwargwadon abin da ya dace da dattijo, sa'an nan na amsa.

Ya ɗaura mini abin sauraro na wayarsa mai ɗan makirufo a jiki, ya buɗe manhajar naɗi da ake kira OBS, ni kuwa na zuba fasaha da balaga, ina wasa 'yan ƙwallon da ban san iyayensu ba. Da aka maido naɗin, ihun 'yan kallo ya cika ɗakin, amma muryar da ake tinƙaho da ita sai ta fito kamar kukan sauro a cikin tulu. Yaro ya nuna mini ma'aunin sauti mai launi uku, kore da rawaya da ja, ya ce magana mai kyau takan tsaya cikin rawaya, alhali tawa ko rabin koren ba ta kai ba. Ya shiga saitin Windows ya kai ƙarfin makirufo 100, ya ɗora masa ƙarin desibel 30, wanda shi ne maƙurar abin da na'urarsa ke iyawa.

Wannan ijtihadi nasa ya haifar da sakamako, domin a naɗi na biyu mun ji gurnanin janareta, da injin casar shinkafa na bayan layi, da akuyar maƙwabta tana neman ɗanta, kowa tangaran, in ban da ni. Ya ce, "Baffa, ɗan ɗaga murya." Kalmar ta sosa mini rai ƙwarai, saboda haka da ɗan wasa ya ƙwace ƙwallo na cika huhu na ce, "Ya sace! Ku tare shi!" Kafin in rufe baki jama'ar unguwa sun cika ƙofa da gorori, limaminmu yana bayansu yana tambayar ta ina ɓarawon ya bi.

Washegari yaro ya ɗauki kayan, ya bi ta Kwanar Dangora zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda wani mai gyara ya warware mas'alar da ƙirga zobba. Bakin abin sauraron waya zobe uku gare shi, don kunne da makirufo suna tafiya ta rami ɗaya. Ita kuwa kwamfutar tebur rami biyu take da su, kore na kunne, ruwan hoda na makirufo. Ashe tun farko na'urar ba ta san da abin da ke bakina ba, da ɗan makirufon kyamarar da ke can kan allo take saurare, kuma ƙarin ƙarfi ba ya bambance muryar mutum da hayaniyar gari. Mai gyaran ya sayar masa da 'yar igiya mai raba baki biyu, ya ce ya zaɓi makirufon da sunansa a cikin OBS, ya rage sautin wasan, ya sa matatar hayaniya, ya sauke ƙarin nan zuwa 10.

Da ya dawo ya haɗa komai, ya kunna naɗi, ya fita sayo fetur. Ni kuwa da na riga na yi yaƙini da kurumtar na'urar, sai na juya ga aminina da ya zo kallo, na yi ƙasa da murya, na bayyana masa ra'ayina dalla-dalla game da miyar kukar uwargida, da rowar surukina, da tsawon karatun liman a sallar asuba. Yaro, don ɗokin ganin ma'auni ya hau rawaya, ya ɗora abin gaba ɗaya bai saurara ba.

Masana sun yaba da tsabtar sautin, sun ce ko harafi ɗaya bai ɓace ba, kuma uwargida da surukina da liman duk sun tabbatar da haka. Yanzu na fahimci cewa ƙarancin muryar nan sutura ce Ubangiji Ya yi mini, muka biya kuɗin mota har Kano muka yaye ta. A wurin mai shayi nake cin abincin dare zuwa lokacin da za a kammala sulhu, kuma ɗan ƙanena ya sake zuwa jiya, wai masu kallo suna roƙon kashi na biyu, amma sun ce a bar ƙwallon.