Yadda Ake Ziyartar Birnin Kartahena

Kartahena birni ne mai tashar jiragen ruwa a gaɓar Tekun Karibiyan, a arewacin ƙasar Kolombiya. Wani Basifaniye mai suna Pedro de Heredia ne ya kafa shi a 1533, kuma ba da daɗewa ba ya zama ma'ajiyar zinariya da azurfar da Sifaniyawa ke kwasowa daga Kudancin Amurka kafin su loda a jirgi. Inda dukiya ta taru ɓarawo ba ya nisa, don haka aka kewaye garin da ganuwar dutse mai tsawon kusan kilomita 11. A da, aikin ganuwar shi ne hana baƙo shiga ya ɗebi kuɗin gari. A yau tana tsare baƙo ne a ciki har sai gari ya gama ɗibar nasa.

Shirin farko na rana ne. Zafi yakan haura digiri 30 kusan duk shekara, ga iska mai damshi kamar tururin tukunyar dambu. Wanda ya saba da busasshen zafin bazara yakan iso yana cika baki, amma kafin ya kai ƙofar masauki riga ta manne masa a baya. Saboda haka da sassafe ake yawo, ko bayan la'asar. Tsakar rana an bar wa ƙadangaru da Turawan da suka sauko daga jirgin ruwa.

Ana shiga tsohon gari ta ƙarƙashin Hasumiyar Agogo, a faɗa dandalin da ake kira Plaza de los Coches. A nan ya kamata baƙo ya ɗan ajiye raha, domin wurin kasuwar bayi ce a da, inda aka sayar da dubban mutanen da aka kamo daga Afirka. Wasu sun tsere ƙarƙashin jagorancin Benkos Biohó, kuma zuriyarsu na zaune a garin San Basilio de Palenque har yau. Daga can ne asalin matan da ake gani sanye da riguna masu launin ruwan ɗorawa da shuɗi da ja, ɗauke da kwanon kayan marmari a ka. Kuskuren da sabon zuwa ke yi shi ne zaton kayan marmarin ne haja. Hoton ne haja. Duk wanda ya ɗaga waya ya ƙyasta ya riga ya yi ciniki, kuma mutunci shi ne a tambayi farashi tukuna, a biya ba tare da ƙunƙuni ba.

Daga nan sai lungunan gari, masu benaye masu fenti kala-kala da barandar katako da furanni ke zubowa daga kanta. Mai lura zai ga ƙarfen ƙwanƙwasa ƙofa iri-iri: mai siffar ƙadangare, mai siffar zaki, mai siffar kifi. 'Yan rakiya sukan ce ƙadangare alamar dangin sarauta ne, zaki na sojoji, kifi na fataken teku. Ba a so baƙo ya gwada ƙwanƙwasawa, don akwai mutane a ciki.

Tsayuwa a lungu tana da haraji. Mai hula zai iso, mai tabarau na biye, sannan samari biyu da 'yar lasifika su tsara wa baƙo waƙa nan take, su yabi takalminsa, su kamanta shi da wani ɗan fim. Da zarar ya yi murmushi, bashi ya hau kansa. Maganin abin shi ne "No, gracias", wato a'a na gode, a faɗe shi ƙafa na tafiya.

Sansanin San Felipe de Barajas, wanda ke kan tudu a wajen ganuwa, ya cancanci gumin hawa. A 1741 Admiral Edward Vernon na Ingila ya kawo wa garin farmaki da jirage sama da 180. Cikin masu tsaron garin akwai Blas de Lezo, wanda yaƙe-yaƙen baya suka raba shi da ido ɗaya da ƙafa ɗaya, suka kuma nakasa masa hannu ɗaya. Vernon ya aika gida da albishir tun kafin a gama, har aka ƙera lambobin nasara a Ingila masu nuna de Lezo a durƙushe. Daga baya zazzaɓi da harsashi suka cinye rundunar, ta juya ba ta ci garin ba. Cikin sansanin akwai ramukan ƙarƙashin ƙasa masu duhu da ƙunci. Dogon mutum ya shiga a sunkuye, mai ƙiba kuwa ya jira a waje ya riƙe wa jama'a jaka.

Batun ciki ba wuya. Akwai arepa de huevo, wainar masara da ake fasa ƙwai a cikinta a soya, akwai soyayyen kifi da shinkafar kwakwa, akwai lemon tsami da aka markaɗa da kwakwa da ƙanƙara. Musulmi ya haddace kalmar chicharrón, domin naman alade ne, kuma ya riƙa tambayar abin da aka cusa a cikin kowace waina.

Tsaraba ana sayenta ne a Las Bóvedas, ɗakuna 23 da aka gina a jikin ganuwa don ajiyar kayan yaƙi, aka kuma taɓa kulle fursunoni a ciki, yanzu sun koma shaguna. Farashin farko gaisuwa ce kawai, ana taya ƙasa sosai a hau a hankali. Kafin a shiga, kuɗin motar filin jirgi a ware shi a aljihu na dabam.