Maharan da na kama

Tun da Oga ya ji labarin masu kutse a rediyo hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya sa aka kira ni, ya nuna suwic ɗinmu, Cisco 2960 mai ƙofa 24 da ke rataye bayan firinta, ya ce, "Ka ɗaure wannan abin tamau, ko ƙuda kada ya shiga."

Na karkace na yi masa lacca. Suwic na da ɗan littafin da yake rubuta adireshin MAC na kowace kwamfuta, wajen dubu 8 yake ɗauka. Mugu sai ya yi ta antayo masa adireshin ƙarya har littafin ya cika, shi kuma ya rikice ya riƙa watsa saƙon kowa ga kowa. Oga ya ce shi dai a ɗaure.

To, na ɗaure. Kowace ƙofa adireshi guda za ta haddace, baƙo ya leƙo ta rufe ruf, sai ni na zo na buɗe. Na hana kowa raba adireshin IP in ban da sabarmu. Na kunna gadin BPDU, mai katse ƙofa in waya ta zagayo ta dawo suwic. Sannan na zauna jiran 'yan Rasha.

Ranar Litinin da ƙarfe 9 tarko ya kama. Ƙofa ta 1. Ofishin Oga.

Ashe sabuwar laftof ya sayo, ya zare wayar tsohuwar ya soka mata.

"Ranka ya daɗe, suwic ne bai san ka ba."

"Ni bai sani ba? Kuɗin wa aka saye shi da su?"

Na buɗe masa ina gumi. Kafin azahar sai ga na biyu: akanta, mutumin da ko biro ba ya sa hannu a saya sai ya ga rasit uku, ya shigo da 'yar rawutarsa ta gida a cikin ledar burodi don wayarsa ta samu intanet. Ita kuwa tana jin wuta ta fara rabon adireshi kamar mai fitar da zakka. Suwic ya watsar da kyautarta, ya rufe ƙofar. Akanta ya rantse tun zuwansa ya tarar da ita a ƙarƙashin teburin.

Na ukun shi ya fi ba ni tsoro. Baba mai shara, wanda ya tsani ganin abu a ƙasa, ya tsinci bakin waya yana reto, ya ga rami a bango babu kowa, ya cusa. Kai da jela duk sun koma suwic ɗaya. Ba don gadin ya katse ba, da wataƙila saƙonni sun yi ta zagaye suna ninkuwa har ofis ya tsaya cak.

"Ɗan nan, ai gyarawa na yi," in ji Baba, yana jiran godiya. Na yi masa.

Ƙarshen wata Oga ya nemi rahoto. Na rubuta: an daƙile hare-hare 3, ana ci gaba da binciken waɗanda suka kai su. Ya karanta, ya jinjina kai, ya ce in an gano su in kawo masa sunayensu da kaina.