Maziyartan Tsohon Barikin Kumasi

Turawan Ingila sun rusa gidan dutsen Asantehene a 1874, suka gina barikin sojansu a 1897. Yau barikin gidan tarihin soja ne, kuma mu 'yan zangunan Kumasi ba ma rabo da shi. Sai dai kowa da abin da ya kai shi.

Uban tafiya shi ne Jikan Soja. Tun a mota ya sanar da fasinja cewa kakansa na cikin sojojin Hausa da rundunar Yaa Asantewaa ta yi wa ƙawanya a nan tare da Gwamna Hodgson a 1900. Da an shiga ɗakin hotuna sai ya dangwala yatsa a gilashi, ya nuna wani mai dara a layin baya wanda fuskarsa ba ta fi ƙwayar gero ba: "Ga shi nan! Dubi hancin, ai na gidanmu ne." A ɗaki na gaba kakan ya sake ɓullowa, wannan karon a Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ko furfura ɗaya bai ƙara ba. Ka ce, "Alhaji, ai tsakanin ya haura shekara 40," sai ya girgiza kai ya ce mutanen da ba irinmu ba ne. Ba na yi masa musu don gudun fitina, amma kowa a gidanmu ya san mai darar nan kakana ne.

Sai Hajiya mai neman ragi a bakin ƙofa, wai ai kallo kawai za ta yi, ba saye ba. Ga Malam Gyara, wanda ke ƙarasa wa jagora kowace magana, kuma ya ƙarasa ta ba daidai ba. Ga malamin makaranta da bai ga komai ba sai kawunan yaran da yake ta ƙirgawa.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne saurayin da ke shiga kurkukun barikin mai duhu, inda aka kulle bayin Allah babu iska, ya harɗe hannuwa yana ƙyaƙyata dariya a ɗauke shi hoto. Ya gama, ya zaro makullin babur ya karce sunansa a bango. Wannan kam, a rufe ƙofar da shi a ciki har la'asar.