Kanawa a Kan Kilimanjaro

Daga Hotoro zuwa Tarauni har Gyaɗi-Gyaɗi babu tudun da zai sa mutum haki, in ba matakalar bene ba. Amma tunda jirgin Habasha yana ɗaukar mutum daga Kano zuwa Adis Ababa, wani kuma ya sauke shi kusa da Moshi a Tanzaniya, ba a rasa 'yan unguwa a ayarin masu hawa Kilimanjaro. Dutse ne mai aman wuta da ya daɗe yana barci, tsayinsa mita 5,895, ga ƙanƙara a kansa, kuma tun 1973 yake killace a matsayin gandun ƙasa. Kowa da halinsa yake zuwa.

Tun a ƙofar Marangu ake gane Alhajin Kwari. An faɗa masa kuɗin shiga da dala, na kowace rana daban, sai ya gyara hula ya ce, "To nawa za ku bari?" Aka ce doka ta hana hawa ba ɗan jagora, ya ce, "Ba ga hanya nan ba?" Da ya ga ana auna kayan 'yan dako kada su wuce kilo 20, dariya ya yi, wai a Kwari wannan kayan yara ne. Washegari har 'yar jakarsa ta ruwa ya miƙa musu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan motsa jiki, wanda kullum bayan asuba yake tsere da Adaidaita a titin Maiduguri. Jagora na cewa a bi sannu, shi kuwa ya wuce gaba, ya hau dutse ya zauna yana jiran ragwaye. Bai san cewa dutsen ba ya duba ƙwanji ba. Kano ba ta fi mita 500 daga doron teku ba, a can ƙololuwa kuwa kowane numfashi kusan rabin abin da jini ya saba samu yake kawowa, kuma jiki sai an ba shi kwanaki yake sabawa. Daga bukkokin Horombo, wajen mita 3,700, kai ya fara sara, abinci ya ƙi zama. Ƙarshenta a gadon ƙarfe mai taya ɗaya ake gangaro da shi. In ya dawo gida zai ce girkinsu ne bai karɓe shi ba.

Akwai matsoracin sanyi, wanda da hunturu ba ya wanka sai azahar. Ya kwashe gwanjon Ƙofar Wambai, ya jibga duka tun daga ƙasa, inda kurmi ne mai danshi da gumi.

Malam kuwa, lokacin salla na yi ya shimfiɗa darduma ya dubi gabas kamar yadda ya saba. Sai da aka yi doguwar muhawara kafin ya yarda cewa daga Tanzaniya arewa ake fuskanta. Kwana biyu yana wa'azin falalar alwala da ruwan sanyi. A bukkar Kibo ya tsoma yatsa ɗaya a buta, nan take ya tuno babin taimama, da hujjojinsa.

Mai guzuri ya sha tsiya. Tanzaniya ta hana leda tun 2019, don haka kilishinsa da dambun nama a tsumma ya ƙulle su. To amma can sama, inda baki ke mutuwa, kowa sai ya zo yana "Yallaɓai, ko da sauran yajin nan?"

Mai waya ya yi ta ɗaukar kansa tun daga filin jirgi, sai a gaban allon Uhuru da ke ƙololuwa sanyi ya shanye batirin.

Da tsakar dare ake tashi hawan ƙarshe, kuma a nan ake ganin Hajiya. Tun farko ita ce a baya, carbi a hannu, taku ɗaya salati ɗaya. Wadda ta sha turmutsutsun jifan Shaiɗan ba a koya mata haƙuri. Ba ta yi wa kowa alkawarin kaiwa ba, amma gari na wayewa ga ta a ƙololuwa tana tambayar ruwan zafi. Alhaji ya iso bayanta da ƙyar. Jagora na bayanin cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar ya narke tun 1912, shi kuwa ya ƙura wa sauran ido yana lissafin abin da za ta kawo a Kano da azumi.

Saura wanda bai je ba, dattijon majalisa a Tarauni. Ya juya takardar shaidar hawa dutsen gaba da baya, ya ce, "Wai me aka ajiye a can ɗin?" Aka ce ba komai. "Kuma ku kuka biya?" Aka miƙa masa tsarabar gahawa daga gonakin Chagga na gindin dutsen. Ya shinshina, ya ce shi fa ɗan shayi ne.