Farin Yatsan Alhaji

Ranar Talata wani ɗan ci-rani ya jefo mana bidiyo cikin zauren WhatsApp na ƴan Garhanga mazauna gida da waje, tsohon bidiyon nan na filin Valencia inda ƴan kallo ke yi wa ɗan ƙwallo Vinicius kukan biri. Abin ya faru tun watan Mayun 2023, kotun Sifaniya ma ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas-takwas a Yunin 2024, amma a zaurenmu labari ba ya tsufa, rezo ne dai ke makara. Nan take gari ya kama da wuta. Na Abija suka yi Allah wadai, na Sabha suka yi, na Legas suka yi, wani mushe na lakwal ya rubuto dogon Faransanci wanda babu mahaluƙin da ya karanta. Sai Alhajinmu mai albasa ya saki vokal, ya wanke Turawa tas daga kakanninsu har jikoki, ya ce duk wanda ya raina baƙar fata Allah ya isa tsakaninmu da shi. Da ya gama, sai ya ɗaga mana babban yatsa. Fari.

Fari sol, jama'a, yatsan da ko hantsi bai taɓa gani ba. Ni kuwa na san yatsan Alhaji, mun ci tuwo akushi ɗaya. Yatsa ne da ya yi dashen albasa a fadama har ƙasa ta san shi, ya ƙirga jikkuna a kasuwar Madawa har ya yi kanta, ya ja guga, ya murɗa kunnen ƴaƴa da jikoki. Kuma salula ba ta zaɓar wa kowa. Tun shekarar 2015 masu ƙera waɗannan ƴan hotuna suka sa launi biyar bayan ruwan ɗorawa na asali. Sai ka danna ka riƙe, su jeru gabanka, ka ɗauki naka. Ke nan Alhaji ya danna, ya riƙe, ya ƙare musu kallo, ya tsallake baƙi wuluk, ya tsallake wankan tarwaɗa, ya tsallake ja, ya je can kan fari ya yada zango. Wannan ya wuce tuntuɓe, ƙaura ce da kaya.

Wani yaro da ke Abija, mai sayar da garba, shi ya fara. Cikin ladabi ya ce, "Baba Alhaji, don Allah wanga yatsa naku na, ko aro kunka yi?" Shi ke nan, Vinicius ya kama gabansa, zaure ya koma kan yatsa. Wasu suka ce jikan Alhaji ne ya saita masa. Wasu suka ce fari ya fi fitowa da dare in an ɗauke wuta. Wani malami ya ce a duba niyya, tunda zuciyar Alhaji fara ce, yatsa ya bi zuciya. Wani ya kawo hujjar cewa tafin hannun kowa ai da haskensa, aka tuna masa cewa bayan hannu ake nunawa. Direban wata mota ya nemi Alhaji ya ɗauki hoton yatsansa na gaskiya kusa da buhun albasa, a gwada a gani. Da Alhaji ya ga abin ya yi yawa, sai ya koma ruwan ɗorawa, mutum uku suka yi masa sannu, ɗaya ya ce shawara ce a gaggauta kai shi asibiti. Daga ƙarshe ya kashe maganar da abin da muke kashe kowace magana: "Kai, ɗiyan yanzu ba ku san wasa ba."

To, wasa kam mun san shi, har takardar shaida muke da ita. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Bafillace da Babarbare, Buzu da Bazabarme, Bagobiri da Bayarabe, can Najeriya kuma Bakano da Bazazzagi. Shi ya sa muka yi dariya har da hawaye lokacin da hukumar ƙwallon Ingila ta ci Bernardo Silva tarar fam dubu 50 da dakatarwar wasa ɗaya a 2019, don ya tsokani amininsa Mendy da hoton wani baƙin yaro na jikin kwalin alewa. Bayan shekara guda suka karɓe fam dubu 100 hannun Cavani, suka hana shi wasa uku, saboda ya gode wa abokinsa a Instagram da kalmar da a ƙasarsu Urugwai take kamar ka ce "ɗan baƙina". Da waɗannan alƙalai za su shimfiɗa tabarma ranar kasuwar Buza da kundin tara, kafin la'asar sun tara kuɗin kwalta daga Keita har Tawa, da canji.

Sai dai masu fakewa da wasa sun manta sharaɗinsa, wato ramuwa. Babarbare ya ce wa Bafillace "bawana", Bafillace ya ce "kai ne nawa, tun kakanka", a kwashe da dariya, a zuba shayi na biyu. Kowa na da baki, kowa na ganin idon kowa, kuma kowa ya san gobe in gobara ta tashi shi zai fara kawo ruwa. Ɗauki maganar nan, ka cire mata murya da murmushi, ka jefa Facebook, ta faɗa hannun ɗalibi a Yamai ko wani a Kano da bai san ku ba, ta koma zagi tsirara. Wannan kowa ya gane, har da gwamnati, wadda ta yi dokar laifukan intanet a 2019, ta kuma mayar mata da hukuncin ɗauri a Yunin 2024. Abin da ba a son ganewa shi ne, akwai wanda ko gaba da gaba ka ce masa "bawana" ba zai iya ramawa ba, domin a gidansu maganar ba ta taɓa zama wasa ba. Zai yi murmushi dai, ya sunkuyar da kai, kai kuma ka tafi kana yaba masa sanin raha.

Kuma ba labarin zamanin takobi nake yi ba. A jiharmu ta Tawa aka sayar da Hadijatou Mani a 1996, tana ƴar shekara 12, kan kuɗi jika 240, aka mai da ita wahaya, wato ƙwarƙwara. Sai a 2003 dokar ƙasa ta sa bauta cikin manyan laifuka. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take kukan nan, kuma in ana lissafa wuraren da wahaya ta yi kaka-gida, sunan Madawa da Ƙonni da Illela ba ya faɗuwa daga baki. Babu Bature ko ɗaya cikin cinikin, babu ɗan kallon Valencia. Mu ne da rawunanmu.

Ranar Alhamis, a zauren nan dai, labari ya ɓulla cewa an mayar wa wani yaro kayan neman aure. Yaro mai sana'a, mai salla, ya yi ci-ranin Aljeriya ya dawo ya gina ɗaki biyu da kwano. An bincika, an ce kakansa maƙeri ne. Na zauna ina jiran vokal. Shiru. Na Sabha shiru, na Legas shiru, mushe ma Faransancinsa ya ƙare. Ba a ɗaga yatsa ko ɗaya ba, fari ko baƙi ko mai shawara. Wani ne kawai ya rubuta, "Ai kowa da al'adarsa." Haka fa mutumin Valencia zai ce in ka tambaye shi. Laifi tudu ne, in ji masu magana, mu kuwa a Adar Allah bai rage mu da tuddai ba, daga kowane kwari ka ɗaga kai akwai wanda za ka taka.

Ba ina cewa kukan ƴan ci-rani ƙarya ne ba. Wanda aka tara cikin babbar mota a Aljeriya aka zubar bakin iyaka, ya taka kilomita 15 cikin rairayi kafin Assamaka, ya san launin fata da ƙafafunsa. Mun ga hotunan gwanjon mutane a Libiya da CNN ta nuna a Nuwamban 2017, har gwamnatinmu ta kira jakadan ƙasar. A Legas duk girman gemunka sunanka Aboki, a Abija kai Garba ne ko da Abdullahi aka raɗa maka, a Kano kuwa "ɗan Nijar" shi ne ƙarshen kowane barkwanci. Duk wannan yana da zafi. Amma wanda ya dawo da zafin nan shi ne zai zauna a fada ya ce wane Nyamiri ne, wane yana Gwaranci, ya ga ɗan Sin ya bi shi da "hin-hon" yana jan gefen idonsa, yara na tafa masa. In ka yi magana ya ce wasa ne. Ɗan Sin ɗin taubashinka ne? Yaushe kakanninku suka ƙulla?

Ni dai mutanen da suka fi ɗaure mini kai su ne kawunnan nan masu binciken asali. Ka ba su sunan saurayi da hantsi, kafin magariba sun kai ka kaka na bakwai: wa ya riƙe wa wa linzami, wa ya hura zuga-zugi, wa ya fiɗe akuya, wace kaka aka kawo daga arewa a kan raƙumi, a wace damina, har launin raƙumin. Ba kundi, ba kwamfuta, ba caji. Irin wannan ƙwaƙwalwa a ce tana zaune ƙarƙashin bedi tana ɓata aure! Ma'aikatar magajin gari na fama da takardun haihuwa, ga ƙwararru suna yawo ba albashi.

Sai dai kafin a ɗauke su aiki, a ce kowa ya fito da katinsa na ɗan ƙasa. Kawun da ya san ranar da aka yaye kakan wani, nasa katin cewa ya yi an haife shi "wajajen" 1958. Wajajen! Ƙanensa ma wajajen 1958, amininsa wajajen 1958, kuma duk wanda jami'i ya matsa wa sai ya faɗi rana, 1 ga Janairu ce. Ina so wani masani ya bayyana mini abin da ke faruwa a ƙasar Adar cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, maza duk suna Abija, da har rabin dattawan gari suka faɗo duniya rana ɗaya, ungozoma ɗaya tak tana gudu daga Garhanga zuwa Tamaske da reza a hannu.