Ɗakin Hajiya Ya Sauko Ta Sama

Tun kafin mahaifiyata Hajiya ta samu bizar zuwa Manchesta zaman jegon uwargida, gidanmu ya yi mana kaɗan. Irin gidajen nan ne na jere, na jan bulo, bangonka bangon maƙwabci, tun zamanin Sarauniya Victoria. Birkilan da na tuntuɓa don ƙara mata ɗaki ya yanka mini lokacin da, a lissafina, jariri ya fara rarrafe. Sai aka ba ni shawarar ɗakin katako: a masana'anta za a yanka bangaye, a ƙusance su, a kawo a mota, a tayar kafin la'asar.

Dokar Ingila ta yarda mai gidan jere ya ƙara mita 3 ta baya ba tare da neman izinin tsara gari ba. Amma wata dokar ta 1996 ta ce sai na sanar da maƙwabci a rubuce kafin in taɓa bangon da muka haɗa. Dattijon da muke gaisawa kullum ta kan katanga, shi na rubuta wa wasiƙa. Ya amsa a rubuce, ya miƙo mini ta kan katangar.

Ranar da kaya suka iso, lungun baya ya ce bai san zance ba, ko keken guragu da ƙyar yake wucewa. Aka nemi izinin ƙaramar hukuma aka tare titi, aka ɗauko motar ɗaga kaya. Unguwa ta fito kallo. Ina tsaye ina salati, bangon ɗakin mahaifiyata yana lilo a sararin sama, bisa rufin gidan da ban gama biyan bashinsa ba.

Nan aka zo wurin da gizo ke saƙa. Masana'anta da milimita take awo, shi kuwa gidan ya haura shekara ɗari yana jingina yadda ya ga dama. Ƙasa ta haɗu tsaf, sama ta bar ramin da hannuna ke shiga. Na ce wa kafintan, "Malam, a ɗan dake shi mana ya shiga." A gida da tuni magini ya sare bulo, ya cika da siminti, an wuce wurin. Ya dube ni kamar na ce a yi wa jariri aski da gatari. Ya ce sai an yanko wani katako daidai karkacewar.

Kafin ya iso, ruwan Manchesta ya sauko. Aka ce ba a rufe katako sai damshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Kullum da safe a zo da na'ura a caka wa bango, mu tsaya jiran sakamako.

Da Hajiya ta iso, ta ƙwanƙwasa bangon, ta ji ya amsa.

"Yanzu duk karatun nan, shagon mai shayi ka gina mini? Gara fa?"

"Hajiya, gara ba ta zama a ƙasar nan."

"Ita ma ta fi ka wayo."

Da hunturu ya kama, ɗakin ya fi ko'ina ɗumi, saboda abin tare sanyi da aka cusa a cikin bangon. Uwargida ta tare can da jariri, yara suka bi da littattafansu. Hajiya ta ce ba a kwana da namiji a ɗakin jego. Yanzu ni kaɗai ne a gidan bulo, da bargo biyu da takardar bashi.