Kukar garinku jaririya ce

Na san ku. Tun ban rufe baki kan shekarun tsofaffin itatuwa ba wani ya taɓe nasa: "Shekara miliyan 200? Malam, kana wurin?" Ba na wurin, ranka ya daɗe. Kai ma ba ka wurin ranar da kukar ƙofar garinku ta tsiro, amma kullum kana rantsuwa ta girmi sarki bakwai.

To, a yi haƙuri, kukar nan ko yaye ba a yi mata ba. Zamanin dainaso hawa uku ne: Tirayasik, wanda ya fara shekara miliyan 252 da suka wuce, sai Jurasik daga 201, sai Kiretashiyos daga 145 zuwa 66. Itatuwa masu fure, dangin kuka da tsamiya da mangwaro, sai a hawa na ƙarshe suka bazu. Ita kuka kuwa ko ƙurar dainaso ba ta gani ba.

Dattawan gaske daban suke. Akwai ginko na ƙasar Sin, mai ganye kamar mafici, wanda 'ya'yansa ke ɗoyin ruɓaɓɓen man shanu. Danginsa sun yi wa dainaso inuwa, kuma wasu itatuwan ginko bam ɗin Hiroshima na 1945 ya babbake su, suka sake tohowa abinsu. Akwai kuma wolemi. Masana a jikin dutse kawai suka san irinsa, sun yi masa ta'aziyya tuni, sai ga wani ma'aikacin gandun daji, David Noble, ya ci karo da shi a raye a wani kwazazzabon Ostareliya a 1994. Manyan ba su kai 100 ba, har yau gwamnati na ɓoye wurin kamar amarya.

"Wa ya ƙirga shekarun?" Yawwa, na san za ka zo nan. Yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana rikiɗewa dalma a hankali, rabinsa cikin shekara kusan biliyan 4.5. Ana auna shi a tsohuwar tokar aman wuta da ta kwanta saman itacen da ya zama dutse ko ƙarƙashinsa.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ba sai ka nemi biza ba. Hau motar Agadas, ka nufi wajen Ingal, inda aka tono ƙasusuwan wani dainaso mai suna Jobariya. Za ka ga gungumen itace da ya zama dutse kwance a hamada. Ka tafi da gatarinka, amma ka bar wa maƙeri kuɗin gyara.